Ranar da Na Karɓe Rimot a Zauren Mai Unguwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara Liman da Mai Unguwa da dattawa tara a kan tabarma, kowa da alwalarsa, na sa suka kalli abin da ko ni mai rawar kai ban taɓa gani ba. Ba wanda ya aike ni. Ba asiri aka yi mini ba, ba kuma a ba ni ko ƙwayar goro ba. Bakina ne ya kai ni, yadda ya saba kai ni wurare tun ina yaro, sai dai wannan karon ya kusa tafiya da abincin wani bawan Allah.

Ni mai gyaran keke ne a Gwarzo, bakin hanyar Kabo. Bokona aji uku ne, na ukun ma rabinsa a kan bishiyar mangwaron bayan makaranta na yi shi. Turancina bai wuce na gaisuwa ba, Indiyanci kuwa ko na gaisuwar babu. Amma duk da haka, a unguwarmu ba mai kirana da sunan da ubana ya yanka mini rago. Sarkin Kallo ake ce mini, ni kuma ina amsawa har da gyara hula.

Asalin sarautar, ina saurayi nakan je Kano sayen taya da sarƙa da balbali, sai in saci jiki in faɗa silima. In na dawo, sati guda ina ba da labari. Abin da na gane in faɗa, abin da ban gane ba in ƙera shi da kaina (na biyun ya fi yawa, kuma ya fi daɗi). Da ostariti ta zo, wato zamanin tsuke bakin aljihu, kuɗin mota ya tashi, garin kwaki ya zama abincin manya, sai zuwa Kano ya zama na dole kaɗai. Sarauta ta kusa mutuwa a hannuna, sai Allah ya kawo Malam Bitrus.

Malam Bitrus mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, malamin firamare. Rabin magidantan da kuke gani yanzu a Lakwaya da Mainika shi ya koya musu lissafi, kafin a rage ma'aikata abin ya faɗa kansa. Bai koma gida ba, don nan ɗin ya zama gida. Ya sayi talabijin da bidiyo da ɗan janareta, ya kafa rumfar kwano a bayan tasha, ya jera benci takwas. Da wannan rumfar yake ciyar da matarsa da 'ya'ya biyar, ba gona, ba wata sana'a. Duk sati yakan je Kano ya ɗauko sababbin kaset, ni kuma ina da wurina a bencin gaba, dab da bidiyo. Da rana in kalla, bayan La'asar in zauna gindin darbejiyar da nake gyara, jama'a su kewaye ni, in yanke wa fim hukunci. In na ce a je, rumfa ta cika. In na ce shirme ne, Malam Bitrus ya zauna da ƙudaje.

Hukuncin nawa kuwa ba ya canzawa sosai. Fim ɗin Indiya, nakan ce, na marasa aikin yi ne: awa uku cur, mace ta sake zane sau shida a waƙa ɗaya, kuma ba ka taɓa ganin wanda yake mata wankin ba. 'Yan sanda ba sa zuwa sai an gama kashe kowa. Amma in kana son ka yi kuka ba tare da an san dalili ba, to je ka zauna a bencin baya. Na 'yan Chana shi ne na maza, sai dai duk rigimar ɗaya ce: an kashe malaminsa, ya hau dutse ya yi ta ɗaukar ruwa a guga, ya sauko ya karairaya gari guda. Ban taɓa ganin ɗan Chana ya je gona ba. Na fatalwa kuwa nan na raina wayon Turawa. Mutum ya ji kuka a ɗakin da ba kowa, maimakon ya yi salati ya nemi ƙofa, sai ya ɗauki tocila ya tafi dubawa. Da a nan unguwarmu ne, kafin fatalwar ta gama buɗe baki an kai Kabo da gudu. Na 'yan kudu, mutum ya yi kuɗin tsafi, ya sayi mota uku, ya haukace, sai a ce ka jira kashi na biyu. Namu na Hausa da suka fara yawa a lokacin, ina son su don ba na buƙatar ƙera komai, amma falo ɗaya ne da kujera ɗaya. Na taɓa ganin labule guda a fim huɗu, gidan attajiri shi ne, gidan malam shi ne, har ofishin 'yan sanda shi ne.

"To Sarki, wanne za mu kalla satin nan?" in ji Ɗan'azumi mahauci, abokin wasana, wanda ba ya zuwa majalisa sai don ya ƙure ni.

"Kai dai na namun daji ya dace da kai," in ce. "Ka je ka ga 'yan uwanka kuraye yadda suke yi da nama ba sikeli."

Amma akwai wani fim da na ɗora a kan kowane a shekarar. Na Turawa ne, na yaƙi. Wani soja jirginsa ya faɗi a daji, ya tarar da wata likita 'yan tawaye sun tsare ta, ya kuɓutar da ita, suka yi ta gudu ana bin su da harsashi. Sau bakwai na kalle shi. Ni na sanar da duk Gwarzo cewa likitar ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, an raba su tun suna yara. (Ba wanda ya faɗa mini. Na ga hancinsu iri ɗaya ne, na ga kuma yadda yake kula da ita, na ce wannan sai jini.) Ina yabon fim ɗin da abu biyu: zumunci, da rashin ɓata lokaci. Za su shiga wata bukka ana ruwan sama, kafin ka ƙifta ido gari ya waye an ci gaba da harbi. Babu waƙa, babu rawa, babu shashanci.

Aibu ɗaya rumfar take da shi. Bidiyon Malam Bitrus yana da yawan yin zafi. Ana tsakar kallo sai ka ga talabijin ta yi shuɗi, Malam Bitrus da rimot a hannu ya ce, "Ku yi haƙuri jama'a, inji ya ɗau zafi, bari ya sha iska." A yi ta tsaki, bidiyo ya yi ta ƙugi kamar minti ɗaya, sannan hoto ya dawo. Da yake ni ne kusa, kuma ni ne mai sanin ƙarfe, nakan cire hulata in yi wa bidiyon fifita. Har shawara na ba shi ya riƙa ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai. Ya ce ya gode, Baba, zai duba.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Muka yi murna, ni ma har Kano na je a bayan a-kori-kura, na dawo da muryata a dishe. Ba a jima ba muka ji an rufe gidajen silima a birni, an ce kuma za a waiwayi gidajen kallo na ƙauyuka. A unguwarmu wanda ya ɗauko maganar Ustaz Nura ne, wani matashi da ya dawo daga karatu, yaron kirki, mai gajeren wando da dogon bayani. Ya je wajen Mai Unguwa ya ce rumfar bayan tasha tana lalata tarbiyya, ana nuna tsiraici, a rufe ta.

Mai Unguwa ya rasa yadda zai yi. 'Ya'yansa uku Malam Bitrus ya koyar, ranar sunan jikansa ma matar Malam Bitrus ce ta kwana kan tukunyar shinkafa. Amma kuma ba ya so a ce unguwarsa ce ta ƙi bin Shari'a. Ya tara dattawa a zaurensa, aka yi ta magana ana zagaye. Ni ba a gayyace ni ba. Na kai wa ɗansa keken da na yi wa faci ne, na ji ana zancen fim ba da ni ba, raina ya ƙi.

"Ranka ya daɗe," na ce daga bakin ƙofa, "duk wanda ke zauren nan, wa ya taɓa shiga rumfar?"

Kowa ya dubi na kusa da shi. (Biyu daga cikinsu na sha ganinsu a bencin baya da rawani rufe da baki, amma ban tona ba.)

"To ni shekara da shekaru ina ciki. Ban taɓa ganin abin da zai karya alwala ba. In ana shakka, a kawo talabijin nan zauren, in zaɓo fim, Liman ya gani da idonsa. In an ga abin ƙi, ni da hannuna zan cire kwanon rumfar."

Liman dattijo ne mai sanyin magana, ba ya ɗaga murya ko a huɗuba. Ya dube ni ya ce, "Ka ɗauki nauyi, Sarkin Kallo."

"Na ɗauka, Allah gafarta Malam."

Aka sa ranar Asabar bayan Azahar. Na tafi rumfa ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe, na ba Malam Bitrus albishir. Ya yi godiya sosai, har ya riƙe hannuna da hannu biyu. Sai ya ce, "Baba, akwai wani na namun daji, zakuna da giwaye. Shi za mu kai."

"Dattawa su bar gonakinsu su zo kallon zaki yana hamma? Ustaz zai ce mun ɓoye na gasken. Na sojan nan za mu kai."

Na ga fuskarsa ta canza. "Baba, wannan ɗin... ko na ƙwallo?"

"Na soja da ƙanwarsa. Fim ɗin zumunci. Liman ma zai samu abin huɗuba."

Ya buɗe baki zai yi magana, ya dube ni, ya dubi samarin da ke zaune suna jinmu, ya rufe. Daga baya ya gaya mini ya ji nauyin ya kunyata ni gaban yara, ya kuma ce a ransa ai rimot na hannunsa, me zai faru? Ya manta da wa yake hulɗa.

Ranar Asabar na sa babbar rigata ta Sallah, shuɗiya mai aska biyu. Aka ɗauko talabijin da bidiyo a baro aka kafa a ƙuryar zaure. Wutar lantarki da ta yi sati uku ba mu gan ta ba, ranar sai ga ta tun safe, ko ƙiftawa ba ta yi. Dattawa suka zauna a tabarma sahu biyu, Mai Unguwa a kan buzunsa, Liman kusa da shi da carbi, Ustaz Nura a gefe ya harɗe hannu. Ɗan'azumi ya saci hanya ya shigo wai ya kawo wa Mai Unguwa tsire.

Malam Bitrus ya sa kaset, ya durƙusa gefen bidiyo da rimot. Sai Ustaz Nura ya ce, "Ranka ya daɗe, in abin nan yana hannunsa, ai abin da ya ga dama za mu gani."

Nan ne Shaiɗan ya zauna a kafaɗata ya miƙe ƙafa. Na ce, "Ustaz ya yi gaskiya. Malam Bitrus, kawo nan."

"Baba..."

"Kawo, na ce. Fim ɗin nan ba ya buƙatar mai gadi. Koma can bakin ƙofa ka zauna, kada a ce ka taɓa wani abu."

Na zare rimot daga hannunsa na jefa a aljihun gaba. Ya tashi, ya bi gefen bango ya koma bakin ƙofa wajen takalma. Yana wucewa ya raɗa mini, "Baba, in sun shiga bukka, don Allah..." Na ce, "Na sani, in ya yi zafi zan yi masa fifita." Yanzu tsakaninsa da bidiyo akwai dattawa goma sha ɗaya a zaune, kuma kun san ba mai tsallake ƙafar dattijo a zauren Mai Unguwa, ko gobara ake yi sai ya nemi izini.

Farkon abin ya tafi yadda nake so. Na tsaya gefen talabijin ina fassara. Jirgi ya faɗi, dattawa suka ce, "Subhanallahi!" Soja ya fito da rai, suka ce, "Ikon Allah!" Wani tsoho ya tambaya ko da gaske mutanen suke mutuwa, na ce a'a, ana biyan iyalansu dai. Da likita ta bayyana na ce, "To ga ƙanwar tasa. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin ba su ga juna ba. Ku dubi hancin." Liman ya gyaɗa kai ya ce, "Zumunci abu ne babba." Na dubi Ustaz Nura na ɗaga masa gira. Har Mai Unguwa ya fara cin tsire.

Aka fara ruwan sama a fim. Suka ruga suka shiga bukka. Na cire hulata na riƙe a shirye, don a nan ne inji ya saba ɗaukar zafi. Na ce wa dattawa, "Yanzu za ku ga gari ya waye."

Gari bai waye ba.

Soja ya hura wuta. Likita ta matso tana rawar sanyi. Ya cire rigarsa ya yafa mata. Na ce, "Kun gani? Tausayin ɗan'uwa." Sai wata algaitar Turawa ta fara busa a hankali, irin wadda ban taɓa ji a fim ɗin ba. Suka dubi juna. Suka ƙara duban juna. Ni dai na san duban wa da ƙanwa, ina da ƙanne mata huɗu, ba mu taɓa yi wa juna irin wannan ba. Daga bakin ƙofa na ji Malam Bitrus yana cewa, "Baba! Baba, ja! Danna ja!"

Kafin in gane me yake nufi, bakin soja ya sauka a kan bakin likita, kuma ba da niyyar tashi ba.

Carbin Liman ya tsaya. Wani ya ce, "A'uzu billahi!" Na cusa hannu a aljihu, rimot ya maƙale a zaren aska, na fizgo shi da ƙarfi har aljihun ya yage. Jama'a, shekara da shekaru ina zaune kusa da abin nan, ban taɓa riƙe shi ba. Maɓallai sun fi talatin, duk da rubutun Turanci ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Na danna wanda yatsana ya samu. Hoto ya tsaya cak. Ba shuɗi ba, a'a, ya tsaya a daidai wurin, baki a kan baki, kamar an ɗauke su hoton biki an rataye a zauren Mai Unguwa.

"Ba shi ba! Na ƙasa!" in ji Malam Bitrus.

Na danna na ƙasa. Suka ci gaba, amma a hankali, sannu-sannu, yadda ko mai ciwon ido ba zai rasa komai ba. Na danna wani, ya koma baya suka rabu, na ce alhamdu lillahi, na saki, suka sake haɗuwa daga farko. Na danna wani kuma, algaita ta cika zaure har kajin gidan suka amsa. Hannun likita ya kai kan maɓallin rigarta. A rayuwata ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar, kuma ranar ce ba a ɗauke ba.

Na yar da rimot, na yi tsalle gaban talabijin, na ware hannuwa na baza babbar riga kamar shamuwa za ta tashi. Na rufe hoto, amma algaita ba ta san riga ba, ga kuma wani numfashi da ya fara biyo ta. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. A wajena dai ya kai damina guda. Ustaz Nura ne, Allah ya yi masa albarka, ya miƙa hannu ya fizge waya daga bango.

Ba ka jin komai sai Ɗan'azumi da ya cusa hula a baki yana wani irin kuka kamar akuya ta shaƙe.

Liman ya yi gyaran murya. "Sarkin Kallo."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Ƙanwar tasa ke nan?"

Na ce, "Da alama... ta wajen uba ce." Ban san ma na faɗa ba. Ɗan'azumi ya fita da rarrafe.

Mai Unguwa bai yi dariya ba. Ya ture tsiren gefe ya ce, "Bitrus, matso." Aka janye ƙafafu aka ba shi hanya. Ya zo ya durƙusa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. "Abin da kake nuna wa 'ya'yanmu ke nan? Shekara nawa muna zaune da kai lafiya?"

"Ranka ya daɗe, ko sau ɗaya ba a taɓa ganin wannan a rumfata ba." Ya ɗauko kwalin kaset ɗin ya juya bayansa. Akwai lambobi da jan biro, layi biyu. Ya ce duk kaset ɗin da ya kawo daga Kano sai ya kalle shi shi kaɗai tukuna, ya rubuta lambar da abin banza ya fara da lambar da ya ƙare. In an zo wurin sai ya tsayar, talabijin ta yi shuɗi, ya tura gaba. "Ni ma ina da 'ya'ya, ranka ya daɗe, kuma addinina bai yarda da wannan ba. In na ce na yanke, samari za su yi mini ihu su ce na cuce su. Shi ya sa nake cewa inji ya yi zafi. Bidiyona bai taɓa yin zafi ba."

Na dubi bidiyon, na dubi hulata.

Ustaz Nura ya karɓi kwalin ya duba. "Lamba ai ko jiya ana iya rubuta ta," ya ce, ba da faɗa ba. "Wa zai shaida haka ake yi kullum?"

Duk zaure ya juyo kaina.

Zan faɗi gaskiya tunda na tsufa. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce an canza kaset, ba wannan na sani ba. Da na faɗi haka da na fita da 'yar sarautata, a ce Bitrus ya yaudari dattijo. Ɗaya hanyar kuwa ita ce in tsaya gaban mutanen da na shekara ina yi wa burga, in ce Sarkin Kallo ya kalli fim sau bakwai bai san an cire masa tsakiya ba. Na dubi Malam Bitrus. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo, yana ta murɗa hularsa kamar mai matse wanki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kawo Alƙur'ani in dafa. Sau bakwai na kalli fim ɗin nan a bencin gaba. Duk sau bakwai, suna shiga bukka inji yake yin zafi. Ban taɓa ganin ko hura wutar ba. Kuma ba wannan kaɗai ba, na Indiya ma da an fara ruwan sama yake yin zafi. Ni kuma..." Na sunkuyar da kai. "Ni nake yi masa fifita."

"Fifita?" in ji Mai Unguwa.

"Da hula, ranka ya daɗe."

Ɗan'azumi ya leƙo daga waje, hawaye shaɓe-shaɓe. "Wallahi gaskiya ya faɗa! Shekara shida yana yi! Har tsumma ya ce a jiƙa a ɗora!"

Wani tsoho daga sahun baya, cikin masu rufe baki da rawani, ya manta kansa ya ce, "Ƙwarai, ni ma na sha gani." Sai ya tuna inda yake, ya shiga tari.

Nan zaure ya fashe. Mai Unguwa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ustaz Nura ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa. Aka ce ba sai an kawo Alƙur'ani ba, don ba mai ƙirƙiro wa kansa irin wannan wautar don ya ceci wani.

Hukuncin da aka yanke: rumfa ta ci gaba. A rufe lokacin kowace salla, kada a bar yara lokacin makaranta, Ustaz Nura kuma ya riƙa duba lambobin bayan kwali duk sati. Fim ɗin soja da ƙanwarsa a mayar da shi Kano a ranar. Rimot ya zauna a hannun Malam Bitrus, kuma Mai Unguwa ya ƙara da bakinsa cewa kada a sake barina kusa da duk wani abu mai maɓalli. Malam Bitrus ya riƙe rumfar har 'ya'yansa suka gama makaranta. Bai taɓa yi mini gori ba, sai dai duk ranar da talabijin ta yi shuɗi, rumfa gaba ɗaya takan juyo ta ce, "Sarki, hula!"

Ban daina kallo ba, ban kuma daina yanke hukunci ba, wannan sai kabari. Abin da na koya kawai, in an tambaye ni yaya sabon fim, nakan ce, "Iyakar abin da aka bar ni na gani, ba laifi." Kuma na daina haɗa wa mutane zumunta da hanci.

Amma abin da ya fi tsaya mini a ranar ba dariyar ba ce. Ana watsewa, ina bakin ƙofa ina laluben takalmina da yagaggen aljihu, sai Liman ya dafa kafaɗata. Ya jira mutane suka yi gaba, ya yi magana a hankali yadda ya saba.

"Allah ya saka da alheri, Sarkin Kallo. Ka faɗi gaskiya a kan kanka, ba kowa ke iyawa ba. Kuma ka kare mana idanu da rigarka." Ya ja carbi ɗaya, biyu. "Sai dai na lura, da ka baza rigar, mu ka ba wa baya."